Inshorar dubu 15 ta ishe ni, ko in cije in yi babbar?

Abban_Hanif:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara na zo nema. Wata biyu ke nan da na sayi Corolla ƙirar 2008, 'yar Kwatano, bayan na sayar da ɗan filina na Tumfure na haɗa da bashin da na karɓa a wurin aiki. Gaba ɗaya ta tsaya mini naira miliyan 7. Ranar da na je yin takardu, wani yaro da ke kai-kawo a bakin ofishin ya karɓi komai ya ce in dawo bayan la'asar. Da na dawo ya miƙo mini takardu a cikin leda, har da ta inshora, ya ce kuɗinta 6,000. Na jefa su a aljihun mota ban sake bi ta kansu ba.

Jiya abokin aikina ya ce ta gaske ba ta kasa 15,000, kuma wai ko ita ba za ta gyara mini motata ba in na yi haɗari. Na tuntuɓi wakilin wani kamfani, ya ce babbar, wadda ke ɗaukar har motata, 350,000 ce a shekara. Wallahi na kwana ina lissafi. Ni ma'aikaci ne mai iyali, bashin motar ma ban gama biya ba. Wanda ya san harkar nan ya taimaka: ƙaramar ta isa, ko in cije in yi babbar?

Dan_Bolari:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin a je ko'ina ɗauki wayarka ka danna *565*11# ka sa lambar motar. Idan sunan kamfani da ranar ƙarewa suka fito, to tana cikin rumbun bayanan inshora na NIID, wanda ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya ke kula da shi. Idan ba ta fito ba, takarda da tawada kawai ka saya. Ni dai ina da shakku a kan ta 6,000 ɗin nan, domin tun 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta mayar da kuɗin inshorar motar gida daga 5,000 zuwa 15,000. Wanda ya ba ka a 6,000, daga aljihun wa ya cike sauran 9,000?

Direban_Ashaka:
Shekarata 22 a kan sitiyari, na ɗauki siminti daga Ashaka zuwa Yola, zuwa Jalingo, zuwa Maiduguri. Ban taɓa ganin mutum ɗaya da idona da inshora ta biya shi ko sisi ba. Takardar wuce shinge ce kawai. Malam ka riƙe kuɗinka ka sayi taya masu kyau, ka duba birkinka, ka yi addu'ar hawa. Shi ke nan.

Adda_Jekadafari:
Baba Direba, da girmanka, amma bari in faɗi abin da na gani ni ma da nawa idon, domin na yi shekaru ina aiki a wannan harkar kafin in koma kasuwanci. Yawancin waɗanda ba a biya ba, ko dai takardar bogi ce a hannunsu, ko kuma ba su taɓa zuwa neman haƙƙinsu ba. Ana yin haɗari, dattawa su taru, a ce ƙaddara ce, kowa ya je ya gyara tasa. Kamfani bai ma ji labari ba, balle ya biya.

Abban Hanif, ga yadda take. Ƙaramar, wadda ake kira tad fati, ba domin kai aka yi ta ba, domin wanda ka buge aka yi ta. In ka ɓata dukiyar wani, mota ce ko shago ko katanga, kamfani zai biya har zuwa naira miliyan 3. Da can miliyan 1 ne, sai da aka ƙara kuɗin aka ɗaga shi. In kuwa rauni ne ko rasa rai, ba a sa masa iyaka irin ta dukiya ba, abin da aka tabbatar a kanka shi za a biya. Amma motarka ko fitila ɗaya ba za su saya maka ba. Kai da ke tuƙi ma ba ka ciki.

Babbar kuwa ta haɗa wannan duka, ta ƙara da ɓarnar motarka, da gobara, da sata. Wakilin bai cuce ka ba a lissafi: ƙa'idar NAICOM ita ce kada kuɗinta ya kasa kashi 5 cikin 100 na darajar motar. Kashi 5 na miliyan 7 shi ne 350,000 ɗin da ya gaya maka.

Direban_Ashaka:
Hajiya na ji. Amma ko a cikin masu takardar gaske, nawa ne suka karɓi kuɗi ba tare da sun sha wahalar je-ka-ka-dawo ba?

Adda_Jekadafari:
Akwai jan ƙafa a wasu kamfanonin, ba zan ɓoye ba. Shi ya sa ake tambayar mutane kafin a zaɓi kamfani, ba a bin mai araha ido rufe. Kuma NAICOM tana da sashen karɓar koke a kan kamfanin da ya ƙi biya.

Fanal_Bita_Herwagana:
Ni a gareji nake kwana nake tashi, bari in gaya muku abin da miliyan 3 take a yau. Watannin baya aka jawo mini wata jif sabuwar yayi, wani malamin makaranta ya daki gabanta da tsohuwar Golf ɗinsa a wani shataletale. Fitila ɗaya da bamba da bonet da radiyeto, da muka buga waya Kano muka ji farashi, sai da lissafi ya haura miliyan 2 ba a sa kuɗin fenti da aikina ba. Malamin nan yana tsaye a gefen ramin gareji, ya cire hularsa ya riƙe a hannu yana murza ta, gumi yana bin wuyansa, ga sanyin safiya ana yi. Mai jif ba mugu ba ne, ya yafe masa rabi. Sauran rabin sai da ya sayar da Golf ɗin a yadda take, ya ƙara da akuyoyin matarsa. Da yana da ta 15,000 ta gaskiya, da kamfani ne zai ji da wannan. Tasa da aka duba, babu ita a ko'ina.

Ku lura da titunan Gombe yanzu, daga Pantami zuwa hanyar Bauchi, irin motocin da ke yawo. Ba ka san wadda za ka goga ba.

Bappa_Kumo:
To ai ka ga kenan ko miliyan 3 ɗin ma tana iya kasawa. In ɓarna ta kai miliyan 5 fa?

Barista_Shongo:
Bappa, kamfani ya biya 3, kai ka nemo 2 daga aljihunka. Iyakar da aka rubuta iyakar kamfani ce, ba iyakar alhakin da ke wuyanka ba. Shi ya sa mai yawan shiga manyan garuruwa kamar Abuja yake iya tambayar kamfaninsa a ɗaga masa iyakar, ya ƙara wani abu a kan kuɗin shekara.

Kuma ina so in gyara tunanin cewa wannan sabon salon karɓar kuɗi ne da aka ƙirƙiro jiya. Dokar da ta wajabta inshorar wanda aka buge tun 1945 take, tun zamanin Turawa. Dokar inshora ta 2003 ta zo ta ƙarfafa ta. Daga 1 ga Fabrairun 2025 rundunar 'yan sanda, a ƙarƙashin Sufeto Janar Kayode Egbetokun, ta sanar da fara tsaurara binciken ta a kan hanya. A watan Agustan 2025 kuma Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar gyaran harkar inshora, wadda ta tattara tsofaffin dokokin wuri guda, ta kuma ɗaga jarin da ake bukata kamfani ya mallaka. Riƙe takardar bogi bai fitar da mutum daga laifi ba, ko da bai san bogi ce ba zai sha bayani kafin ya kuɓuta.

Almajirin_Malam:
'Yan'uwa kuna ta lissafin kuɗi, babu wanda ya taɓo hukuncin abin a addini. Malamai da yawa sun yi magana a kan inshorar kasuwanci saboda garari, wato ka biya kuɗi ba ka san ko za ka karɓi wani abu ba, ga kama da caca, ga kuma juya kuɗin a harkar ruwa. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1985 ta ce irin wannan bai halatta ba, ta halatta na taimakekeniya. Ƙaramar da hukuma ta tilasta, malamai sun yi rangwame saboda lalura ce. Amma babbar ai ganin dama ce, ba wanda ya tilasta Abban Hanif. Ya kamata ya san wannan kafin ya yanke shawara.

Abban_Hanif:
Allah ya saka da alheri Malam. Wannan ma yana cikin abin da ya hana ni barci, kunya ce ta hana ni sa shi a tambayar farko.

Ummu_Sumayya:
Malam ya faɗi gaskiya, amma ai akwai mafita, kuma tana nan a ƙasar nan. Takaful. Tun 2013 NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa, kuma akwai kamfanoni masu lasisi irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful da Salam Takaful. Abin da ka bayar gudummawa ce cikin asusun mahalarta, wanda musiba ta samu a taimaka masa daga ciki, kamfani ya ɗauki ladan kula da asusun. In shekara ta ƙare an samu rara, ana iya raba wa waɗanda ba su nemi diyya ba. Suna da majalisar malamai masu duba musu harkokinsu. Ba baƙon abu ba ne, a Sudan aka fara kafa irin wannan kamfanin tun 1979. Ni motar da nake kai yara makaranta a can na yi mata, kuma ta fito a NIID kamar kowace.

Almajirin_Malam:
Haka ne Malama, ban musa ba. Asalinsa ma muna da shi a fiƙihu: aƙila, dangin wanda ya yi kisan kuskure su haɗu su biya diyya. Abu ɗaya nake so direbobi su riƙe. Ko kamfani ya biya diyya, kaffarar kisan kuskure da ta zo a aya ta 92 cikin Suratun Nisa'i tana nan a wuyan wanda ya yi, azumin wata biyu a jere. Wannan babu kamfanin da zai ɗauke wa mutum.

Mai_Keke_Tashan_Dukku:
Don Allah mu masu keke fa, namu nawa ne? Wani ya ce mini 15,000 ne mu ma.

Dan_Bolari:
Ina jin 10,000 ne naku.

Adda_Jekadafari:
A'a Ɗan Bolari, ba haka ba ne. A jadawalin da ya fara aiki a 2023, keke 5,000 ne, iyakar ɓarnar dukiya miliyan 2. Mashin 3,000, iyaka miliyan 1. Manyan motocin dakon kaya irin na Baba Direba 100,000, iyaka miliyan 5. Motar da mutum ke ɗaukar kayan kasuwancinsa na kansa 20,000, ita ma miliyan 5.

Dan_Bolari:
Na karɓi gyara Adda.

YarDeba:
Na daɗe ina karantawa ban yi niyyar magana ba, amma maganar Baba Direba cewa takardar wuce shinge ce ta tsaya mini a rai.

Ƙanena ɗan acaɓa ne. Shekara biyu da suka wuce, da yamma ana gab da magariba, wata mota ta fito daga kwana ta kwashe shi a hanyar Dadin Kowa. Ƙafarsa ta dama ta karye wuri biyu. Mai motar mutumin kirki ne a fuska, shi ya kai shi asibiti, ya biya kuɗin daren farko. Washegari ya zo da dattawan unguwarsu mutum huɗu, suka zauna a tabarma a zauren babanmu, aka kawo ruwa, aka yi addu'a, aka ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Suka ajiye 50,000 a gefen tabarma. Babanmu mutum ne mai kunya, ya ce ya yafe, Allah ya kiyaye gaba. Ko 'yan sanda ba a kira ba.

Daga nan muka shiga. Kuɗin aikin da likitoci suka faɗa ya fi ƙarfinmu, muka kai shi wurin mai ɗori. Ƙafar ta haɗe a karkace. Wata bakwai yana kwance a ɗakin innarmu, mashin ɗin da bai gama biya ba mai shi ya zo ya ɗauke abinsa, matarsa ta koma gidansu da goyo saboda babu abin ci. Na sayar da 'yan kunnena da keken ɗinkina. Yau yana tafiya yana ɗingishi, yana sayar da katin waya a bakin tasha.

Sai bara wani ya gaya mini cewa da motar nan tana da inshora ta gaske, kuma an yi rahoto, da kuɗin asibitinsa haƙƙinsa ne, ba roƙo ba, ba kuma cin mutuncin mai motar ba, tunda ba daga aljihunsa za su fito ba. Ban san ko tana da ita ba, babu wanda ya tambaya a cikinmu, domin ba mu san ana tambaya ba. Abban Hanif, babbar dai ka yi shawara da aljihunka. Amma ƙaramar, don Allah ka yi ta gaskiya. Ba ka san ɗan wa zai shigo gabanka ba.

Ummu_Sumayya:
Innalillahi. Allah ya ba shi lafiya, ya saka miki da alheri 'yar'uwa.

Direban_Ashaka:
Allah ya ƙara masa sauƙi 'yata. Ban faɗi maganata don in raina irin wannan ba. Mu ma a kan hanya mun ɗauki gawarwakin abokanmu, mun ga marayun da aka bari ba ko kwabo. Abin da ya sa zuciyata ta bushe ke nan.

Barista_Shongo:
Labarin YarDeba shi ne abin da nake gani kullum. Sulhu abu ne mai kyau, ba na hana shi. Amma sulhu da inshora ba kishiyoyi ba ne. Ana iya zama a zaure a yafe wa juna, kuma a bar kamfani ya biya kuɗin magani. Abin da ke ɓata lamarin shi ne a gama komai a tabarma, a rubuta takardar "na ɗauki laifi zan biya kaza", sai bayan wata biyu a tuna da kamfani. Sharuɗɗan yawancinsu sun hana ka amsa laifi ko ka yi alkawarin biya ba da saninsu ba. In abu ya faru, a fara ceton rai. Sannan a ɗauki hotuna kafin a matsar da motoci in hali ya yi, a karɓi lambar ɗaya motar da wayar shaidu, a samu rahoton 'yan sanda, a kira kamfani a ranar ko washegari. Kada a taɓa gyara sai mai ƙiyasin ɓarnarsu ya gani. Rasit ɗin asibiti ko na allura ɗaya ne a adana shi.

Bappa_Kumo:
Barista, tambaya. Mu da muke bin hanyar Kumo zuwa Billiri da Kaltungo, shanu ne matsalarmu, musamman da kaka in an fara sakin su. In na buge saniya fa?

Barista_Shongo:
Saniya dukiyar wani ce, tana shiga cikin miliyan 3 ɗin nan in an tabbatar laifinka ne. In garke ne ya faɗo titi cikin dare ba makiyayi, maganar wa ke da laifi sai an duba. Amma gaban motarka da saniyar ta lotsa, ƙaramar inshora ba ruwanta da shi ko laifin wa ne.

Bappa_Kumo:
To ni ga tawa shawarar ga Abban Hanif, a matsayina na wanda ya girme shi. Ka yi ta 15,000 ta gaskiya. Sannan 350,000 ɗin nan ka raba ta wata 12, kusan 29,000 ke nan, ka riƙa ajiye ta a wani asusu da ba ka taɓawa. In ka goge bamba ka gyara daga ciki. In shekara ta wuce lafiya kuɗinka na nan. Haka nake yi shekara da shekaru.

Injiniya_Tumfure:
Bappa, wannan dabarar tana aiki ne ga ƙananan gyare-gyare. In aka sace motar a wata na uku fa? Yana da 87,000 a asusu, ga bashin mota a wuya, ga babu mota, ga fili ya tafi. Inshora ba don bamba ake yin ta ba, don abin da zai durƙusar da kai ake yi. Ni ma'aunina ɗaya ne: in motar nan ta tafi yau, zan iya sayen wata cikin shekara ba tare da yarana sun bar makaranta ba? In amsar a'a ce, to babbar ba almubazzaranci ba ce. Mai tsohuwar mota ta miliyan ɗaya da rabi wadda ya gama cin moriyarta, shi kam ƙaramar ta ishe shi.

Bappa_Kumo:
Injiniya, kai kana maganar abin da zai iya faruwa, ni ina maganar buhun masara da kuɗin makaranta da suke nan tabbas. Mutum mai albashi ya fitar da 350,000 a dunƙule, ka san abin da ake nufi kuwa?

Adda_Jekadafari:
Ku biyun duk kuna da gaskiya, kuma akwai tsaka-tsaki da ba a ambata ba. Akwai wadda ta haɗa ƙaramar da gobara da sata kawai, ba ta gyaran haɗari, kuɗinta bai kai na babbar ba. Wasu kamfanonin kuma suna da ƙaramar da aka ɗan faɗaɗa, ka ƙara kuɗi kaɗan su ɗauki gyaran motarka zuwa wani adadi. Ka tambayi wurare uku ka kwatanta. Ka kuma tambaya ko suna karɓar biya kashi-kashi, amma ka sani ƙa'idar ita ce sai kuɗi ya shiga hannunsu kariya take farawa, alkawari ba ya aiki.

In za ka yi babbar, ga abin da za ka tsare su da tambaya a kai. Nawa ne ekses, wato kason da kai za ka fara ɗauka a kowace ɓarna kafin su biya sauran? Ambaliya tana ciki ko sai an ƙara kuɗi? Wannan ba ƙaramar tambaya ba ce a garin nan, kowa ya san yadda ruwa ke gudu a kwarurukan Gombe cikin Agusta. Tarzoma fa? Suna bukatar ka sa na'urar bin sawu kafin su amince da maganar sata? Wa da wa aka yarda ya tuƙa? In ƙanenka marar lasisi ya ɗauka ya je ya yi ɓarna, kada ka sa rai.

Alhaji_Tudun_Hatsi:
Bari in ƙara da abin da ya same ni, don kada wani ya maimaita. Na yi wa Hilux ɗina babbar inshora tun tana miliyan 9. Kowace shekara sai in sabunta a kan miliyan 9 ɗin, ina jin daɗin kuɗin bai ƙaru ba. Bayan an saki naira a 2023 farashin motoci ya yi sama, ni ban waiwayi takarda ba. Yarona ya faɗi da ita a hanyar Alkaleri yana dawowa daga Bauchi, Allah ya tsare ransa, motar kuwa ta zama kwandem. Kamfani bai yi mini gardama ba, sun biya, amma a kan abin da na rubuta, aka cire ekses. Kuɗin da na karɓa ko rabin irinta bai saya ba. Baba Direba, ga mutum ɗaya da aka biya, ka ƙara a lissafinka. Kuskuren nawa ne. Duk shekara a sake kimanta mota da farashin kasuwa.

Direban_Ashaka:
To Alhaji, na ji daga bakinka. Wata nawa suka ɗauka?

Alhaji_Tudun_Hatsi:
Kusan wata biyu, kuma rabin jinkirin wajen haɗa takardu ne daga ɓangarena.

Abban_Hanif:
Akwai abin da ban faɗa ba. Duk ƙarshen mako ina zuwa Bauchi duba mahaifiyata, kuma niyyata in riƙa ɗaukar fasinja uku ko huɗu a bakin hanya don su rage mini kuɗin mai. Wannan zai shafi wani abu?

Adda_Jekadafari:
Sosai ma kuwa, gara da ka faɗa. Inshorar motar gida ta zirga-zirgarka ce da iyalinka da zuwa aiki. Ranar da ka karɓi kuɗin mota a hannun fasinja ka koma kabu-kabu, kuma sharuɗɗan motar gida sun cire haya. In wani abu ya faru a wannan tafiyar suna da hujjar ƙin biya, ko babbar ce a hannunka. Ko dai ka gaya musu gaskiya su yi maka ta haya da kuɗinta, ko ka bar ɗaukar fasinja. Kilomita kusan 150 ne tsakanin Gombe da Bauchi, ga tireloli, ba hanyar da za ka ɗauki rayukan mutane huɗu ba tare da kariya ba ce.

Dan_Mubi_a_Gombe:
Tunda ana maganar tafiya, mu da muke shiga Kamaru saro kaya fa? An ce sabuwar ta haɗa da katin ƙetare iyaka.

Barista_Shongo:
Katin ruwan ƙasa na ECOWAS ake nufi, kuma na ƙasashen ƙungiyar ne, irin su Benin da Togo da Ghana. Kamaru ba ta cikin ECOWAS, tsarinsu daban ne. Kada ka dogara da shi in Garwa ka nufa, ka nemi tasu a kan iyaka.

Almajirin_Malam:
Ina so in koma kan kalmar ƙaddara da aka yi ta ambata. Imani da ƙaddara bai hana riƙo da sababi ba, hadisin ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali sananne ne. Kuma yafiya tana da lada ne in mai haƙƙi ya yafe da son ransa yana sane da haƙƙinsa. A taru a kan talaka da manyan riguna har kunya ta sa ya ce ya yafe, alhali ɗansa na kwance, wannan abin dubawa ne. Mu da ake gayyata zaman sulhu ya kamata mu fara tambayar mai mota takardarsa.

Fanal_Bita_Herwagana:
Malam ka taɓo inda yake mini ciwo. Sau nawa ake kawo mini keke a murƙushe, mai shi yana hawaye, wanda ya buge shi ya ba shi 10,000 ya ce a yi haƙuri.

Abban_Hanif:
Jama'a na dawo. Na danna lambar da Ɗan Bolari ya bayar har sau uku, babu motata a ciki. Na shiga shafin NIID a intanet, nan ma babu. Wata biyu ke nan ina ɗaukar yarana a mota ina ratsa kasuwa da takardar banza. Da safen nan na je da kaina na yi ta 15,000 a wani kamfanin takaful, na biya ta asusunsu ba ta hannun kowa ba, kuma ban bar wurin ba sai da na ga saƙo ya shigo. Zan sake dubawa a NIID gobe. Maganar fasinja na ajiye ta.

Babbar ce har yanzu ban yanke ba. Na karɓi farashin mai haɗe da gobara da sata, zan je wurare biyu in kwatanta kamar yadda Adda ta ce. Maganar Injiniya tana damuna domin bashin saura wata 20, maganar Bappa kuma ita ce gaskiyar aljihuna. Uwargida ta ce a yi mai sata da gobara har a gama biyan bashi, sannan a koma tsarin Bappa.

Injiniya_Tumfure:
Shawarar uwargida ba ta da laifi, sai dai ka tuna faɗuwa a hanyar Bauchi ba ta cikin wannan. Ka tambayi bambancin kuɗin tsakaninta da babbar, in bai yi yawa ba ka sake tunani.

Bappa_Kumo:
Ni dai ina nan a kan bakana, amma Allah ya sa albarka a duk wadda ka zaɓa.

Direban_Ashaka:
Ɗan Bolari, sake turo mini lambar nan. Ta tirela ba a hannuna take ba, ta mai mota ce, amma akwai Sharon ɗin da na saya wa babban ɗana yana jigila zuwa Bajoga. Wani ne ya yi mana takardunta a tasha.

Dan_Bolari:
*565*11# ne Baba. Ka sa lambar motar a haɗe ba tazara. Kuma tunda haya take yi, ka duba a jikin takardar ko an rubuta ta haya ce ko ta gida.

YarDeba:
Barista, don Allah abin da ya kai shekara biyu kamar na ƙanena, akwai sauran abin da za a iya yi? Lambar motar tana nan a rubuce a bayan katin asibitinsa.

Barista_Shongo:
Ki fara duba lambar a NIID, ki kuma tattaro katin asibitin da duk wani rasit da ya rage. Akwai wa'adin da doka ta sa wa irin wannan ƙarar, don haka kada ki bari ya ƙara kwana. Ki same ni ta akwatin sirri in ga takardun.